Takalmin doguwar tafiya a keke da damina: abin da hanyar Paraku zuwa Jugu ke buƙata

Tsakanin Paraku, babban birnin jihar Borgu, da Jugu, babban birnin jihar Donga a arewacin Jamhuriyar Benin, akwai tazarar kimanin kilomita 135 idan aka bi kwalta. Mota tana cinye ta cikin 'yan awoyi. Amma mai keken da ya sauka daga kwalta ya bi hanyoyin burji da na ƙauyuka, ta cikin gonakin doya da na kashu, da kaya ɗaure a bayansa, tafiyar kwana biyu ko uku ce a gabansa. Idan kuma a watan Agusta ko Satumba ne, wani ɓangare na tafiyar ba a kan sirdi zai yi shi ba, da ƙafa zai yi shi yana tura keke.

Masu shirin irin wannan tafiya a keken daji, wanda a Faransanci ake kira VTT, sukan kashe kuɗinsu a kan taya da birki da giya, sai daren tafiya su tuna da takalmi. Alhali taya idan ta fashe ana yi mata faci a gindin bishiya a ci gaba. Ƙafa kuwa idan ta saɓule, tafiya ta ƙare a nan.

Ƙasar da za a taka

Damina ɗaya ake yi a wannan yanki, ba biyu ba kamar a Kwatano. Tana farawa wajen Afrilu ko Mayu ta kai Oktoba, ruwa ya fi yawa a Agusta da Satumba, kuma abin da ke sauka a shekara ya kan haura milimita 1,000. Ko a tsakiyar damina ba a yin sanyin da zai cutar da ƙafa. Ruwan ɗumi ne, iskar kuma cike take da laima, abin da ya jiƙe ba ya saurin bushewa. Wannan shi ne tushen duk abin da za a faɗa a nan gaba.

Ƙasar kanta kala uku ce ga mai keke. A kan tudu akwai jar ƙasa da marmara, mai tsakuwa, wadda ke shanye ruwa da wuri amma take cin ƙasan takalmi kamar magagari. A gangare akwai yashin da ruwa ya tara, inda taya ke nutsewa. A cikin fadama kuwa laka ce mai danƙo, tana manne wa taya da feda da takalmi har mutum ya ji kamar ya ɗaura tubali a kowace ƙafa. Hanyar tana ƙetare kogin Weme (Ouémé a allunan hanya) a garin Beteru, inda akwai gada. Ƙananan rafukan da ke zuba cikinsa su ne matsala, don da yawa daga cikin hanyoyin ƙauye ba su da gada, sai dai a shiga ruwa. Wanda ya zarce Jugu zuwa Kopargo da duwatsun Taneka, inda kogin ya samo asali, zai ƙara da duwatsu masu santsi.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Fataken goro da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, a ƙarni na 18 da na 19, ta ƙasar Borgu suke ratsawa, su ya da zango a Nikki da Paraku da Jugu kafin su nufi Salaga. Zangunan da suka kafa na daga cikin dalilan da suka sa har yau ake jin Dandanci da Hausa a kasuwannin waɗannan garuruwa. Sai dai fatake da rani suka fi tafiya, da jakuna, sanye da faɗe na fata. Sun san abin da damina ke yi wa fata da ƙafa, shi ya sa suke kauce mata. Mai keke na yau da ya zaɓi fita da damina ya ɗauko abin da su suka guje wa.

Hana ruwa shiga, ko barin sa ya fita

Kuskuren da aka fi yi shi ne neman takalmin da ruwa ba ya shiga. A kasuwa akwai takalman hawan dutse masu wani siririn shafi a ciki, mafi shahara shi ne Gore-Tex, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1969. Shafin yana tare ɗigon ruwa daga waje, yana barin tururin gumi ya fita. A ƙasashen sanyi abin yana aiki, domin cikin takalmi ya fi waje ɗumi da laima sosai, wannan bambancin ne ke tura tururin waje. A Borgu cikin watan Agusta bambancin kaɗan ne, waje ma a jiƙe yake, gumi sai ya zauna a ciki.

Wannan ma ƙarami ne. Kowane takalmi yana da baki, kuma rafin da ya kai gwiwa ba ruwansa da shafin da ke ciki, ta sama zai shiga. Da zarar ya shiga, shafin da aka saya don ya tare ruwa shi ne zai hana shi fita. Takalmin ya koma guga, ƙafa na jiƙe a ciki har dare, washegari a wayi gari bai bushe ba.

Fatar da ta kwana biyu a jiƙe tana yin fari, ta yamutse, ta yi laushi, sai gogayya kaɗan ta fasa ta. Daga nan bororo, daga nan ƙaiƙayi da tsagewa a tsakanin yatsu. Sojojin da suka yi yaƙi a dazuzzukan Asiya masu zafi sun sha fama da wannan ciwo na ƙafar da ta daɗe cikin ruwan ɗumi, har likitoci suka ware masa suna. Mai keke yana da ƙarin dalili na tsoro: wanda ke juya feda sau 70 a minti ɗaya, cikin awa takwas ya juya ta sama da sau 33,000. Ɗinkin da ke ɗan taɓa ɗan yatsa da safe, kafin la'asar ya zama rauni.

Saboda haka takalmin da ya dace da wannan hanya shi ne wanda ruwa ke shiga ya fita nan take. Samansa ya zama na zaren roba mai raga, marar soso mai kauri a wuya da harshe, don soso ne ke riƙe ruwa. Shimfiɗar ciki ta zama mai cirewa. Fata da kambas na auduga duk suna shan ruwa su yi nauyi, fata kuma idan ta jiƙe ta bushe sau da yawa sai ta ƙandare ta tsage. Takalman gudun daji da na yawo marasa shafin hana ruwa, waɗanda ake samu jefi-jefi cikin gwanjo, su suka fi kusa da abin da ake nema.

Ƙasan takalmi da feda

Ba a zaɓen takalmin keke ba tare da an dubi feda ba. Feda iri biyu ce. Akwai mai faɗi wadda ake ɗora ƙafa kawai, masu kyau daga cikinta suna da ƙananan ƙusoshi da ke kama robar takalmi. Akwai kuma mai kulle takalmi, wadda masu Faransanci ke kira pédale automatique. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a tseren kwalta daga 1984, sannan Shimano na Japan ya fito da tsarin SPD a 1990 domin keken daji. A tsarin SPD ana ɗaure wani ɗan ƙarfe da ƙusa biyu a cikin wani rami a ƙasan takalmi, yadda mutum zai iya taka ƙasa ba tare da ƙarfen ya hana shi tafiya ba.

Feda mai kullewa tana da amfaninta. Ƙafa ba ta zamewa a gargada, kuma kullum tana wuri ɗaya. Amma lakar fadama tana cika ramin, ƙarfen ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi fita a daidai lokacin da keke ke karkata cikin rafi. Marmara tana cinye ƙarfen idan ana yawan turi. Idan ƙusa ɗaya ta kwance ta faɗi, takalmin sai ya riƙa juyawa a kan feda ya ƙi sakin ta, kuma ba abu ba ne da mai gyaran keke na ƙauye ke ajiyewa. Wanda ya riga ya saba da ita zai iya tafiya da ita, muddin ya sassauta maɗaurin fedar, ya shafa wa ƙusoshin giris, ya riƙe wasu a aljihu. Shimano na da ƙarfe samfurin SH-56 da ke sakin ƙafa ta fuska fiye da ɗaya, ya fi SH-51 sauƙi ga wanda ke yawan sauka. Wanda bai taɓa amfani da ita ba kuwa, tsakanin Beteru da Partago ba wurin koyo ba ne. Ga yawancin matafiya feda mai faɗi ta ƙarfe ta fi, ko don cewa kowane takalmi zai hau ta idan na farko ya lalace.

A kan feda mai faɗi, ƙasan takalmi yana da aiki biyu da ke karo da juna. Feda tana son ƙasa shimfiɗaɗɗe mai roba mai laushi. Shi ya sa takalman da aka yi musamman don wannan, irin na Five Ten da Adidas ya saya a 2011, kusan sumul suke, ƙusoshin feda suna nutsewa cikin robar su riƙe gam. Laka kuwa tana son haƙora masu zurfi da tazara a tsakaninsu, waɗanda za su ciji ƙasa su kuma kakkaɓe taɓo. Takalmi sumul a gangaren laka sulɓi ne kawai. Mai manyan haƙora kuma a kan feda rawa yake yi, domin ƙusoshin suna faɗawa tsakanin haƙoran. Matsakaici shi ne wanda tsakiyarsa ke da gajerun haƙora kusa da juna, gaba da dunduniya kuma suke da masu zurfi. Gaba shi ke cizo a hawa, dunduniya a gangara.

Sai taurin ƙasan. Takalmin da ke lanƙwashewa ko'ina yana barin feda ta riƙa danna wuri ɗaya a tafin ƙafa, bayan wasu awoyi wurin ya ɗauki zafi, yatsu su yi sanyi kamar ba na mutum ba. Takalmin tsere mai ƙasan da ba ya lanƙwasa ko kaɗan yana da daɗi a kan feda, amma tura keke da shi kilomita biyu azaba ce, dunduniya na fita tana shiga har ta saɓule. Gwajin mai sauƙi ne, a tsaye gaban mai kaya ake yin sa. A riƙe takalmin gaba da baya a lanƙwasa. Idan ya karye a daidai gindin yatsu kawai, ya yi. Idan ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, a ajiye.

Takalman da aka saba gani a hanya

Manoman yankin suna hawa keke kullum da abin da ke ƙafarsu, kuma ba su jira wani kamfani ba. Sai dai tafiyar gona daban, tafiyar kwana uku da kaya daban.

Silifa ba ta cikin lissafi sai a masauki. Laka tana tsotse ta ta bar mutum da ƙafa ɗaya, yatsu kuma a fili suke ga kututture da dutse. Takalmin ruwa mai tsawo, na roba, yana kare ƙwauri daga maciji da ƙaya, shi ya sa masu aikin fadama ke son sa. A kan keke yana tara gumi, bakinsa yana gugar ƙwauri, idan ya cika da ruwa kuma nauyinsa ya isa. Sau-cikin roba irin wanda makiyaya ke sawa ya fi yadda ake raina shi: ba ya shan ruwa, ana wanke shi a rafi a sa nan take, kuma araha ne. Aibinsa laushin ƙasa da santsi a kan feda, sannan yana cin dunduniya idan babu safa. A matsayin takalmi na biyu cikin jaka, babu kamarsa. Faɗen taya yana daɗewa, ƙasansa ma da tauri, amma igiyoyinsa kan yanki fatar da ta jiƙe.

Akwai masu yawon duniya a keke da suka rantse da sandal mai rufin yatsu, har Shimano na yin wanda ke ɗaukar ƙarfen SPD. A kan kwalta ko burji mai kyau hujjarsu tana da ƙarfi, ƙafa na shan iska tana bushewa. A hanyar da ciyawa ta rufe, tsakuwa na shiga ƙarƙashin tafi, idon sawu kuma a buɗe yake ga abin da ke cikin ciyawar.

Abin da takalmi ke karewa da wanda ba ya karewa

Arewacin Benin na cikin yankunan da kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ke yawan saran mutane, musamman lokacin aikin gona, kuma galibi a ƙafa ko idon sawu. Takalmi rufaffe da doguwar safa mai kauri da dogon wando ba garkuwa ba ce cikakkiya, amma sun fi fata tsirara nesa ba kusa ba. An fi shiga haɗari a lokacin turi cikin ciyawa da yamma, da lokacin fita bayan gida da dare ba fitila. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, saboda kunama. Wanda maciji ya sara, asibiti zai nufa ba tare da an tsaga wurin ko an ɗaure shi tamau ba. A Paraku akwai babban asibitin jiha na koyarwa, a Jugu akwai asibitin Ordre de Malte. Doguwar safa tana da wani amfani kusa da Weme, don ɗan baƙin ƙudan da ke yaɗa makantar kogi ya fi cizo a ƙasan gwiwa.

Tsargiya kuwa babu takalmin raga da zai tare ta. Ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi a ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali, ta huda fata ta shiga. Abin yi shi ne a bi ta gada inda akwai, a rage daɗewa cikin ruwa, kuma wanda ya ga jini a fitsari makonni bayan tafiya ya je a gwada shi, maganinta sananne ne. Allurar tetanus ma a tabbatar ba ta wuce lokaci ba, ƙusar feda tana yankar ƙwauri, yankan kuma laka yake sha. Mai ciwon suga ya nemi shawarar likita tun kafin ya sa rana, domin rauni a ƙafarsa na iya girma bai ji ba.

Saye da gwaji

Sabon takalmin keken daji ba abu ne da ake samu a kowane shago a Paraku ko Jugu ba. Yawanci gwanjo ake dogara da shi, wanda a Nijar ake ce wa bosho, a kasuwar Arzeke ta Paraku ko a kasuwar Jugu, ko a yi saƙo daga Misebo a Kwatano, wadda ta yi suna da irin wannan kaya. Gwanjo yana da tarko guda da ya kamata a sani. Takalman yawo da yawa suna da wani shafi na sinadarin poliyuretan tsakanin ƙasa da sama. Idan takalmin ya shekara da shekaru a ajiye, laima tana ruɓar da wannan shafi daga ciki, waje kuwa fes kamar sabo. Rana ɗaya a hanya sai ƙasan ya ɓalle gaba ɗaya. A danna shafin da farce sosai. Idan ya marmashe, ko ya yi danƙo, ko akwai ƙananan tsaga a gefensa, ko kyauta ne a bar shi. A ja bakin ƙasan a ga ko gam ya fara saki. Wanda ya samu mai kyau, ya kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasan da ɗinki tun kafin tafiya, domin zare yana riƙewa a inda gam ya gaza.

Lamba ma tana ruɗarwa, tunda dilar gwanjo tana haɗa kayan ƙasashe daban-daban. Lambar Turai ta 42 ta yi kusa da 8 ta Ingila, kuma tsakanin lamba ɗaya da ta gaba a tsarin Turai bai kai milimita 7 ba. Ƙafa ce alƙali. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi tafiya da ita. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, dunduniya kuma ta zauna daram. Gaban takalmin ya zama mai tauri, saboda dutsen da tayar gaba ke harbowa. Bayan saye, a yi aƙalla mako biyu ana hawa da shi, har da rana ɗaya da za a jiƙa shi da gangan a ga inda yake ci.

Igiya ta fi kowane maɗauri dacewa da daji, don idan ta tsinke kowace igiya na maye gurbinta. Sai dai a cusa bakinta ciki, musamman a ƙafar dama inda sarƙa take. Maɗauri mai mannewa yana daina kamawa idan laka ta cika shi. Mai ɗan maɓallin da ake murɗawa ya ja waya yana da daɗin ɗaurewa, amma idan ya karye babu mai gyara shi a Sanson.

Safa da dare

Rabin aikin takalmi safa ce ke yin sa. Ta auduga tana riƙe ruwa ta naɗe ta ci fata. Ta zaren roba ko ta ulu siririya ta fi. Ƙafa uku sun isa: ɗaya a ƙafa, ɗaya a shanye a kan kaya tana bushewa, ɗaya a ƙulle cikin leda wadda ba a taɓawa sai an sauka. Bayan kowane rafi a tsaya a zubar da yashin da ya shiga, minti biyu ne, yashi cikin jiƙaƙƙiyar safa kuwa magagari ne. Man kaɗanya, wanda yankin ke da shi a wadace, idan aka shafa a dunduniya da gefen yatsu da safe yana rage gogayya, yana kuma rage yadda fata ke shan ruwa. Inda aka ji ya fara zafi a manna filasta tun bai zama bororo ba.

Matafiyi musulmi yana da wata dama da ba a cika lura da ita ba. Tsayawar azahar da la'asar lokaci ne na cire takalmi da wanke ƙafa. Abin da ya rage shi ne a tsane tsakanin yatsu da ƙyalle, a bar ƙafar ta sha iska na 'yan mintoci kafin a mayar da safa.

A masauki a wanke lakar tun tana ɗanya, a zare shimfiɗar ciki, a sassauta igiya, a cusa tsohuwar jarida ko busasshen tsumma, a sauya shi bayan awa ɗaya ko biyu. A jingine takalmin a inda iska ke wucewa, bakinsa ƙasa. Kada a kai shi bakin murhu. Zafin wuta yana narkar da gam, yana ƙanƙance roba, takalmin da ya zauna daidai jiya sai a wayi gari ya matse yatsu. Idan da safe yana da sauran laima, a sa shi haka da busasshiyar safa, rafin farko ma zai sake jiƙa shi.